Littafin fasin: filin katakonmu na Tudun Wada da yaron Shikago

Lahadi, 12 ga Nuwamba 2023

Ƙanena da ke karatu a Regina, can Kanada, shi ya jawo min wannan aiki. Tun bara yake cika min kunne da labarin wani yaro, Connor Bedard, wanda ya buga wa ƙungiyar matasa ta garin kafin Blackhawks ta Shikago ta ɗauke shi. Ni kuwa ƙanƙarar da na sani ba ta wuce ta mai kunun aya ba, balle a ce min wai ana wasan hoki a kanta. Shekaranjiya ya turo min guntun bidiyo: Shikago ta je gidan Tampa Bay ta ci 5 da 3, yaron ya zura biyu, ya kuma ba da biyu aka ci. Shekarunsa 18. Na maimaita kallon ya fi sau goma. Abin da ya tsaya min a rai shi ne kansa a ɗage yake duk gudun da ake yi, hannu na aikinsa, ido na neman mutum.

Dalilin da abin ya taɓa ni: shekara huɗu ke nan ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 15 a wani fili bayan makarantar firamare, nan Tudun Wada. Bana mun buga wasa 9, mun ci ɗaya, canjaras biyu, sauran duk duka muka sha. A cikinsu akwai autan ƙungiya, ɗan shekara 13, siriri kamar karan dawa, amma yana ganin ƙofar da babu mai ganinta. Zai zura fasin tsakanin mutum biyu, wanda aka yi dominsa yana tsaye yana gyara wando. Kwanan nan ya fara riƙe ƙwallo, yana son ya yanke kowa shi kaɗai. Wannan nake tsoro.

Ƙanen nawa ya ce Shikago ma haka take, ƙungiya ce a ƙasan tebur mai yaro ɗaya da kowa ke kallo. Na ce to bari in bi kakar nan in ga yadda suke tafiyar da shi. Na sayi littafi mai ganye 60, naira 300. Shi kuma ya biya min kuɗin kallo daga can, data ce tawa.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Mako guda ina koyon dokoki kamar ɗan aji ɗaya. Ga abin da ya zauna.

Filin tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa 85, kewaye da allon katako da gilashi, don haka wasa ba ya fita sai da ƙyar. Abin da ake bugawa da sanda su suna ce masa fak, ni na raɗa masa faifai: baƙar roba ce mai tauri, faɗin inci 3, kauri inci 1, kamar gwangwanin man goge takalmi, har daskarar da shi ake yi kafin wasa don kada ya yi ta tsalle. Kowane ɓangare mutum biyar da mai tsaron raga. Zango uku ake yi, minti 20 kowanne. Wanda ya yi ƙaramin laifi sai a kai shi akurki ya zauna minti 2, 'yan'uwansa su ci gaba da mutum huɗu.

Abubuwa uku suka fi ba ni mamaki. Ana canjin 'yan wasa wasa na tafiya, babu busa. Mutum ya yi gudun sakan 45 ko makamancin haka ya fice, wani ya tsallako. Raga ba ta manne da ƙarshen fili ba, akwai sarari a bayanta kuma ana wasa a wurin. Sai na uku, wanda ya sa na miƙe zaune: idan aka ci, mutum biyu ake rubuta wa lada bayan wanda ya zura, wanda ya ba shi da wanda ya ba wanda ya ba shi. Kuma maki ɗaya ne ga mai ci, maki ɗaya ga mai bayarwa. A wajenmu mai zura ƙwallo ake ɗagawa sama, wanda ya buɗe hanyar tun daga tsakiya ko sunansa ba a tunawa.

Matsalar lokaci: tsakaninmu da Shikago awa 7 ne yanzu. Wasan bakwai da rabi na dare a wajensu, biyu da rabi na dare ne a Zariya. Ba zan iya kullum ba, shagon fotokwafi na jirana da safe a Samaru. Biyu a mako, sauran in kalli taƙaitawa.

Asabar, 25 ga Nuwamba

An ce Taylor Hall ya gama kakar bana, aikin gwiwa za a yi masa. Shi ne babban da aka kawo musamman don ya tsaya gefen yaron, mutumin da aka fara zaɓa a 2010, ya kuma zama gwarzon gasar a 2018. Yanzu yaron ya rasa abokin wasan da ya fi kowa iya karanta shi.

Na tambayi ƙanena yadda ƙungiyar da ta ɗauki kofi a 2010, 2013 da 2015 ta koma haka. Ya ce manyan sun tsufa, aka sayar da Patrick Kane a farkon 2023, kyaftin Jonathan Toews ma ya tafi, aka rushe ginin da gangan. A gasarsu ƙungiyoyi 32 ne, babu faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni. Wanda ya ƙare a ƙasa shi ke da rabo mai tsoka a ƙuri'ar zaɓen sababbin yara. Ta haka Bedard ya faɗo hannunsu a watan Mayu, suka kira sunansa na farko ranar 28 ga Yuni a Nashville, bayan ya ci 71 ya ba da 72 a wasa 57 a Regina. Wato su shan kashi har riba yake kawo musu. Mu a Tudun Wada in ka yi ta shan kashi, yaronka mai kyau ne zai ɗauki takalminsa ya koma wata unguwa.

Asabar, 2 ga Disamba

Na yanke shawara: zan kewaye wani ɓangare na filinmu da katako, taku 20 da 12, a riƙa buga uku da uku, a canja su duk bayan minti ɗaya da rabi. Uku da ukun ma daga wajensu na ɗauko, haka suke buga ƙarin lokaci. Katangar makaranta za ta rufe gefe ɗaya, hedimasta ya yarda muddin ba a taɓa tagogi ba.

Sabon katako ya fi ƙarfina. Na samu tsohon da aka yi zubin bene da shi a Sabon Gari, guda 13 a kan 1,500, kuɗi 19,500. Turaku 3,000, ƙusa 2,000, mai a-daidaita-sahu 2,500 bayan dogon ciniki, kafinta 4,000. Jimla 31,000. Iyayen yara biyar sun haɗa 9,000, sauran daga aljihuna. Uwargida ta ce, "Malam, wannan kuɗin buhun gawayi nawa ne?" Na ce ban lissafa ba. Ta ce ita ta lissafa.

Asabar, 9 ga Disamba

An kafa, amma rana ta farko abin kunya ne. Katakon tsayinsa ƙafa ɗaya ne kawai, ƙwallon ƙafa kuma ba faifai ba ce, tana tsalle. Duk bugu uku sai ta haye. Yara suka mai da abin wasa, suna ta dariya, wani ya taka katako ya tsage shi gida biyu. Ga ƙusoshin tsohon zubi da kafinta bai cire ba, ɗaya ta yagi diddigen mai tsaron bayanmu. Na kai shi kemis aka wanke aka yi masa allurar tetanos, 2,800. Mahaifiyarsa ta biyo ni har fili. "Koci, ƙwallo na ba ka shi ya buga ko aikin kafinta?" Gaskiyarta. Na ba ta haƙuri, na kwashe yammacin Lahadi da guduma da filaya ina bin katakon ɗaya bayan ɗaya. Ƙusa 41 na cire, na ƙirga don haushi.

Maganin tsallen daga bakin autan ya fito. Ya ce, "Koci, a rage mata iska mana." Muka sace iskar tsohuwar ƙwallo har ta yi nauyi, sai ga ta tana bin ƙasa, tana dukan katako tana dawowa.

Asabar, 16 ga Disamba

Atisaye uku a makon nan, lafiya. Sanyi ya sauko sosai, yara na zuwa da ƙafafu fari fat. Na sayi man kaɗanya na 500 na ajiye a jaka.

Na fara tsarin littafi. Kowane shafi gida uku: fasin da aka ci da shi, fasin da ya haifi wanda aka ci da shi, da fasin da ya isa a ci amma ya mutu a hannun wani. Gida na ukun babu shi a ƙididdigar da ake nuna mana a talabijin, nawa ne. Ina cike shi wa Bedard da dare, ina cike shi wa auta da yamma.

Lahadi, 24 ga Disamba

Daren jiya a St. Louis yaron ya yi abin da ya sa na tashi maƙwabci da ihu. Yana bayan raga, ya kwantar da sanda ya ɗauki faifan a kan bakinta kamar mai ɗiban waina da cokali, ya zagayo ya cusa shi a kusurwar sama ta bayan kafaɗar mai tsaron raga, Jordan Binnington. Suna kiran salon da sunan Michigan, don a jami'ar can aka fara shahara da shi. A daren kuma wani ɗan Anaheim, Trevor Zegras, ya ci irinta.

Shikago ta sha kashi 7 da 5.

Da safe bidiyon ya zagaya ko'ina, babu mai maganar sakamakon. Na yi niyyar nuna wa yara, sai na fasa. Auta na ganin wannan zai kwana yana koyon ɗaga ƙwallo da diddige, ni kuma abin da nake yaƙi da shi ke nan. Abin da na nuna musu shi ne sararin bayan raga. Na ba su labarin Wayne Gretzky, wanda ya mai da wurin kamar ofishinsa, yana tsaye a baya yana kallon fili gaba ɗaya, masu tsaron baya sun rasa ko shi za su kalla ko mutanensu. Ya ba da 1,963 aka ci a rayuwarsa. Wanda ke bi masa a yawan maki, Jaromir Jagr, cinsa da bayarwarsa a haɗe 1,921 ne. Ko da Gretzky bai taɓa zura ko ɗaya ba, da shi ne dai a sama. Yaran ba su yarda ba sai da na nuna musu a waya.

Mun jawo ragogin taku biyu daga katako. Duk wanda ya ci daga fasin da ya fito ta baya, biyu ake rubuta wa ɓangarensa.

Alhamis, 28 ga Disamba

Shikago ta ci Winnipeg 2 da 1, duka biyun Bedard ya zura, ta biyun a ƙarin lokaci. An ɗauke wuta tun goma, batirin waya ya kai ni zango na biyu ya mutu. Da asuba na ga sauran a shago. Dole in nemi abin cajin tafi-da-gidanka.

Asabar, 6 ga Janairu 2024

Ina kallo abin ya faru, wajen ƙarfe ɗaya da wani abu na dare. A New Jersey ne, zangon farko. Bedard ya shigo da faifai ta tsakiya, ya tsallaka shuɗin layin shiga ɓangaren abokan hamayya, wani mai tsaron baya, Brendan Smith, ya tare shi da jiki. Ya tashi dafe da baki ya nufi ɗakin canja kaya, bai dawo ba. Muƙamuƙi ya karye. Nick Foligno, dattijon ƙungiyar, ya je ya dambace da Smith daga baya, shi ma ya fito da karayar yatsa. A dare ɗaya an rasa biyu, an kuma rasa wasan 4 da 2.

Na maimaita wurin a hankali sau da yawa. Alƙali bai busa ba, a dokarsu karo irin wannan halal ne. Abin da na gani shi ne yaro ɗan madaidaici, tsayinsa bai wuce santimita 178 ba, ya nufi tsakiyar ƙarti shi kaɗai. A gasar matasa irin wannan shigar ta sha fitar da shi, a nan kuwa maza ne masu iyali. Kuma idan kai kaɗai ne abin tsoro a ƙungiyarku, ba a wahalar sanin wanda za a tare. Kowa ya san inda faifan zai bi.

Wannan ne ya hana ni barci, don makon jiya irinsa ya so faruwa a gabana. Mun je wasan sada zumunci a Gyallesu, yaransu uku suka yi wa auta rumfa, duk taɓawa sai shuri. Sau biyu na ɗauke shi daga ƙasa. Da muka dawo na ce masa, in mutum uku na kanka, mutum biyu namu suna tsaye babu kowa, aikinka ka same su kafin a iso ka. Ya ce, "Koci, in na ba su zubarwa suke." Na buɗe littafi na nuna masa gida na uku, layuka reras. Na ce na sani, ga su nan ina rubutawa, ba a banza suke tafiya ba. Ya daɗe yana kallon shafin, har da ƙirgawa da yatsa.

Asabar, 20 ga Janairu

An yi wa Bedard aiki, an ce mako 6 zuwa 8. Gasar kofin Afirka ta fara a Kwaddibuwa tun 13 ga wata, rabin yarana suna gidan kallo. Na rage atisaye zuwa biyu a mako. Na sayi abin caji, 14,500.

Lahadi, 28 ga Janairu

Na ci gaba da kallon Shikago babu shi, don in ga girman ramin. Babba ne. Sun je yammacin Kanada, Vancouver da Edmonton da Calgary, ko ɗaya ba su zura a wasanni ukun ba. Suna gudu, suna karo, mai tsaron ragarsu Petr Mrazek yana ta tare abin da ya fi ƙarfin mutum, amma da sun tsallaka tsakiya sai su jefa faifai kusurwa su bi shi da gudu. Babu mai tsayawa ya ɗaga kai.

Sai na gwada abu ɗaya a namu filin: na zaunar da auta atisaye biyu cur, na ba shi littafi da biro ya riƙa cikewa. Ya ɓata rai ranar farko. Rana ta biyu ya zo ya ce min dogon nan namu na gaba kullum yana gudu ne ta hagu kafin ya karyo dama, shi kuma yana aika masa ƙwallo hagu. Wata huɗu suna wasa tare, sai daga gefen fili ya gani.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Mu 'yan Najeriya mun sha kashi a wasan ƙarshe na kofin Afirka jiya, 2 da 1, bayan mu muka fara ci. Babu wanda ya zo atisaye, ni ma ban je ba.

Wani ya kwashe katako huɗu na gefen gabas cikin dare. Ba na zargin kowa, sanyi ne kuma itace ya yi tsada. Na maye gurbinsu da tsofaffin tayoyi 11 daga wajen mai faci, 200 kowanne, muka binne rabinsu a ƙasa. Ƙwallo ba ta dawowa daidai daga jikin taya, tana karkacewa. Na so in ji haushi, amma yara sun ce wannan gefen ya fi daɗi.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Bedard ya dawo, bayan wasa 14, bai ma cika mako shida ba. Fuskarsa a rufe da garkuwa har haɓa. Da Pittsburgh aka yi, ƙungiyar Sidney Crosby, wanda da shi ya fara karawa a wasansa na farko ranar 10 ga Oktoba. Sun sha kashi 4 da 1, guda ɗayan kuma daga hannunsa ta fito, Philipp Kurashev ya zura.

Kurashev ɗin nan shi na fi sa wa ido yanzu. Ɗan Suwizalan ne, shekaru yana ƙungiyar ba a cika jin sunansa ba. Tun da aka haɗa su ya koyi abu ɗaya: sandarsa a ƙasa kullum, kuma ba ya tsayawa inda yake, yana zamewa zuwa inda babu kowa ko da bai ga alamar za a ba shi ba. Ba gwani ba ne na a-zo-a-gani, amma ya gane cewa faifan na iya zuwa a kowane lokaci. Na tara dogon da wasu biyu na nuna musu shi, na ce ku manta da Bedard mai lamba 98, wannan za ku kalla.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Jiya Patrick Kane ya dawo Shikago a rigar Detroit, a daren da aka rataye lambar tsohon ɗan wasansu Chris Chelios don girmama shi. Filin ya miƙe yana masa tafi, shi kuma ya saka musu da zura ta ƙarshe a ƙarin lokaci, 3 da 2. Shi ma na farko aka zaɓe shi a 2007, ƙungiyar na ƙasa, kofi ya zo bayan shekara uku. Sai dai ƙanena ya tunasar da ni Kane ya tarar da Toews da Duncan Keith da Brent Seabrook suna tasowa tare. Bedard bai tarar da irinsu ba tukuna.

Laraba, 6 ga Maris

Shikago ta ci Arizona 5 da 2 a waje. Rabonsu da nasara a waje tun wasan Tampa ɗin nan da ya jawo ni, 9 ga Nuwamba. Wasa 22 a jere.

Mu ma mun yi canjaras 2 da 2 ranar Asabar da yaran Gyallesu, waɗanda suka ci mu 4 da nema a Disamba. Ta biyun auta ne ya ja mutum biyu zuwa kusurwa, ya mayar baya, na tsakiya ya tura wa dogo. A gida na biyu na rubuta masa. Ya zo ya leƙa ya tabbatar.

Laraba, 13 ga Maris, 3 ga Ramadan

Sun matsar da agogonsu, tazarar ta koma awa 6, sai wasa ya fara ɗaya da rabi ya ƙare daf da sahur. Bayan tarawihi na ɗan runtsa, na tashi. Anaheim ta zo Shikago ta sha 7 da 2, yaron ya ci ɗaya ya ba da huɗu. Maki biyar a dare ɗaya.

Tun da ya dawo daga karayar nake ganin kamar ya rage kutsawa tsakiya da ƙarfi. Yana jinkirta taku, ya bar mai tsaron baya ya matso, sannan ya saki. Kowa na tsoron harbinsa, don yakan jawo faifan kusa da ƙafarsa ya canja masa hanya kafin ya sake shi, to da ya ɗaga sanda sai mutum biyu su faɗo gabansa, shi kuma ya zame wa na gefe. Tsoron da ake masa ya zama jarinsa. Ko karayar ce ta koya masa, ko kocinsu Luke Richardson, ko ni ne nake ganin abin da nake son gani da ƙarfe uku na dare, oho.

Uwargida ta fito ɗora kunu ta same ni ina rubutu da tocilan a baki. Ta ce, "Malam, yaron naka ya ci?" Na ce ya ba da huɗu. Ta ce to in zo in ba da hannu a murhu.

Atisaye ya koma bayan la'asar, minti 40, babu gudu mai yawa.

Asabar, 30 ga Maris

Kawun auta ya same ni a shago. Mutumin kirki ne, ya yi sallama ya zauna, muka gaisa sosai kafin ya kawo maganar. Akwai wata ƙungiya a Kaduna mai rigar wasa da motar zuwa gasa, suna son yaron bayan Sallah. "Koci, ba raina ƙoƙarinka na yi ba. Amma yaro ba ya girma a inda kullum ake cinsa."

Na so in yi musu, na buɗe baki in kawo misalin Shikago, sai na ga misalin ba ya tare da ni. Su sun riƙe nasu ne don dokar gasarsu ta ɗaure shi shekaru, kuma duk kakar da suka faɗi za a ba su wani yaro mai kyau ya zo ya taya shi. Ni babu mai ba ni kowa. Kuma na ga abin da zaman ke ci. Suna da wani lissafi: in kana fili aka ci muku a cire maka ɗaya, in kun ci a ƙara maka ɗaya, ban da cin da aka yi lokacin da ɓangaren mai cin ke da rinjayen mutum. Na Bedard ya nutse ƙasa da sifili da nisa. Wani ɓangaren laifinsa ne, ba ya komawa tsaro da zafin da yake fita, kuma manya na yawan ƙwace masa faifai idan alƙali ya jefa shi tsakanin mutum biyu don a fara wasa. Amma mafi yawa na zaman gidan da rufinsa ke yoyo ne.

Abin da na roƙi kawun shi ne ya je ya ga atisayensu tukuna, ya duba abu ɗaya: in yaro ya ba da fasin mai kyau aka zubar, kocin wa yake yi wa faɗa? Na kuma ba shi aron littafin ya kai gida. Ya ce zai duba.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Sallah jiya, yau hawan Bariki, babu atisaye sai Litinin. Gara ta fara cin turakun gefen kudu, na zuba baƙin mai.

Asabar, 20 ga Afrilu

Kakar Shikago ta ƙare shekaranjiya a Los Angeles. Wasa 82, nasara 23, maki 52. San Jose kaɗai ke ƙasa da su. Bedard kuma a wasa 68 ya ci 22, ya ba da 39, maki 61, ya fi kowa a ƙungiyar duk da wasa 14 da bai buga ba, ya kuma fi duk sababbin shiga gasar. Wancan lissafin ya tsaya a 44 ƙasa da sifili. Kurashev, wanda bai taɓa wuce maki 25 ba, ya ƙare da 54. A duk lambobin wannan na ja wa layi.

Namu: tun da aka kafa katako mun buga 7, mun ci 2, canjaras 2, an ci mu 3. A littafi, gida na uku na auta ya ragu daga 9 ko 10 a wasa zuwa 4 ko 5, kuma ba don ya rage bayarwa ba. Abin da na kashe gaba ɗaya, har da data da abin caji da kemis, 78,300.

Kawun ya dawo da littafin jiya. Ya je Kaduna ya gani, ya ce filinsu ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma yaron zai tafi, amma sai an yi hutun ƙarshen zango a watan Yuli. Wata uku ke nan. Ya ce in ba zan damu ba a yi masa fotokwafin shafukan auta ya kai wa kocin can. Na yi masa a shago, shafi 23, ban karɓi kuɗi ba.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma. Ranar Asabar mai zuwa za mu cire katakon mu jingine a ɗakin ajiyar makaranta kafin ruwa ya ruɓar da shi, tayoyin su zauna. Ina buƙatar wasu 30 don a rufe sauran gefe biyun, mai faci ya ce yanzu 250 ne. Akwai wani ɗan shekara 11 da ke zuwa ɗauko mana ƙwallo, na lura yana waigawa kafin ta iso shi. Daga Litinin zan sa shi ɓangare ɗaya da auta, in buɗe masa shafi.